Ƙeyar Ɗan Yaya Saudatu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bin labarina. Yau kam sai kun yi haƙuri da ni, ba zancen lalle da turare na zo muku da shi ba. Wanda yau ne farkon shigowarsa, sunana Ummulhairi, a gida Ummu ake ce mini, 'yar Gwadabe Sarkin Askan Kurmin Kogi ta ƙasar Ikara. Lokacin da abin nan ya faru shekarata goma sha bakwai, Turawa ba su kai ga tattara nasu-ya-nasu ba, ni kuma saura wata ɗaya cif a kai ni ɗakin Malam Awwalu, malamin asibitin Ikara. Lefe ma ya iso. Yana ɗakin Inna an lulluɓe shi da tsohon zane, ni kuwa marar kunya kullum sai na faki ido na ɗaga na shinshina sabulun ciki, na ɗaura fatalar nan mai ruwan ƙwai na duba fuskata a ruwan randa.

Ana cikin wannan yayata Saudatu ta dawo gida goyon ciki daga Nasarawan Doya, inda take aure. Cikin fari ne. Ranar wata Laraba da hantsi ta sauka, namiji, dogo, da gashi baƙi wuluk har goshi. Har an ɗauki guɗa, sai ungozoma ta juya shi za ta goge masa baya, guɗar ta tsaya a rabi. A ƙeyarsa akwai wani ƙari da ya kai ƙwan agwagwa, lugwi-lugwi, fatarsa shara-shara har kana hango jijiyoyi.

Kun dai san ɗan fari da kunya. Yaya ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta kallonsa, in an miƙo mata shi ya sha nono sai ta juya fuska bango kamar an ba ta ajiyar da ba ta so. Amma ni ke kai mata kunun kanwa, ni ke dafa mata ruwan wanka da ganyen runhu, na san abin da na sani. Rannan na shiga ba sallama na tarar ta kifa shi a cinya tana shafa gefen ƙarin da ɗan yatsa, bakinta na motsi. Tana ganina ta ture shi gefe ta ce wai ƙuda take kora masa.

Kwana biyu da haihuwa saƙo ya zo daga surukinta, Malam Tukur, wato kakan jaririn na wajen uba. Ya ce tunda Allah ya sa kakan uwa shi ne Sarkin Aska, to ranar suna a haɗa da aski a cire abin nan, su ba za a kai musu jika da kai biyu ba. Matansu kuma suka ƙara da cewa ai laifin Yaya ne, an gan ta tana cin ƙwan zabi da tsohon ciki. Baba ya saurari ɗan saƙon har ya gama, ya ce, "Allah ya kai mu." Da yammar nan na ji shi a zaure yana wasa asake a kan fata, shuu, shuu, sai na ji tuwon da ke hannuna ya fita raina.

Ba wai na raina hannun Baba ba ne, wallahi. Na ga mutumin da aka kawo da ƙari a kafaɗa ya koma gida yana dariya. Amma wannan, haka kawai jikina ya ƙi. Na samu takarda na rubuta wa Malam Awwalu da ajami, na naɗe na ba Huseina dillaliya, ita ce ke kai mana wasiƙa duk ranar da za ta Ikara da kayan tallarta. Ta cusa a ɗankwali tana zolayata.

"Amarya, saura wata ɗaya ma ba za a daure ba?"

"Ki dai kai masa, don Allah."

Da ta dawo na buɗe amsar a bayan rumbu. Shi da kullum wasiƙarsa sai ta cinye rabin takarda da gaisuwa da kirari, wannan karon ga duk abin da ke ciki:

"Ummu, ki duba mini abu biyu. In ya yi kuka, abin yana ƙara kumbura? In kin ɗora yatsa a hankali, kina jin yana bugawa kamar maɗiga? Kada ki matsa. Ina nan tafe jibi bayan la'asar. Kada kowa ya kusance shi da ƙarfe."

Na duba. Duka biyun haka ne.

Ranar da zai zo, ku ji halin ƙuruciya, duk da tashin hankalin da nake ciki sai da na ɗaura atamfata shuɗiya, na zizara kwalli, na sa awarwaro. Ya iso a kan kekensa da farin kaftani da jar dara, ƙafar wandonsa duk jar ƙasa, ya jingine keken a gindin ceɗiyar ƙofar gida. Ko kallon kwalliyar bai yi ba. Muka gaisa a gurguje, na gaya masa abin da na gani, sai ya yi salati ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Kin taɓa fasa kan rago?"

"Haba Malam, wa ke dafa na layya a gidanmu in ba ni ba?"

"Ƙwaƙwalwa nawa kike gani?"

Na yi ɗan tunani. "Akwai babba. Akwai kuma wata 'yar ƙarama a bayanta, mai zane-zane, in an tsaga ta sai ka ga kamar farin reshe a ciki. Ita Baba ya fi so."

"Yauwa." Ya tsuguna ya tsinci tsinke ya fara zane a ƙasa. "Mutum ma haka yake. Ƙaramar nan a ƙeya take. Ita ke daidaita tafiya kada a yi tangaɗi, ita ke tsai da hannu. Hannun Baba da ba ya rawa in yana aski, aikinta ne. A gabanta akwai wani ƙullutu da ke sada wannan ɓangare da wancan, a makaranta gada muke ce masa. A ƙarƙashi kuma ga wani ɗan guntun kara da ya zarce ya zama lakar baya. To wannan guntun, Ummu, shi ke riƙe da numfashi, shi ke riƙe da bugun zuciya da haɗiya. Mutum na barci shi yana aiki. Duka ukun nan a bayan inda ƙarin yake suke."

Na ce, "Sun ce wai ƙwan zabi ne Yaya ta ci."

"Ba ruwan ƙwai. Abin nan ya faru tun ita kanta ba ta san tana da ciki ba." Ya share zanen da tafin hannu ya sake wani, dogon layi. "A makarantarmu ta Zariya an fasa mana ƙwan kaza da ya kwana uku a ƙarƙashin uwarsa, muka leƙa ta madubin likita, na gani da idona. Na mutum ma haka ake halittarsa. A watan farko ɗa bai fi ƙwayar shinkafa ba. Sai wani ɗan kwari ya tsaga a bayansa, gefen nan da gefen nan su naɗo su haɗe, kamar yadda kike kama bakin zane da allura, ya zama bututu. Daga wuya ɗinkin ke farawa, ya yi sama, ya yi ƙasa. Kan bututun sai ya kumbura gida uku, na gaba, na tsakiya, na baya. Na bayan nan ya rabu gaɓa-gaɓa irin na karan dawa, daga nan jijiyoyin fuska da na kunne da na maƙogwaro ke fita, rufinsa kuwa ɗan tantani ne kawai. In Allah ya ƙaddara wurin bai gama kamawa a ƙeya ba, sai ƙashin kai ya tashi da ɓula, jakar ƙwaƙwalwa ta leƙo waje da ruwanta. Wani lokaci har da ita kanta a ciki."

"Ana gyarawa?"

"Ban sani ba. Ni magani nake bayarwa, in wanke gyambo, in yi allura. Sai likita ya gani a Zariya. Wani a ɗinke ya rayu, da yawa ba sa rayuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma aska a zaure, Ummu, ko kwana ba zai yi ba."

"To ka shiga ka gaya wa Baba mana! Yana ciki!"

Sai ya sunkuyar da kai. Ni ma na san na faɗi son zuciya ne kawai. Mutumin da in ya hango Baba daga nesa yake dirowa daga keke ya tuɓe takalmi, in da hali ma ya sake lungu, shi ne zai zauna a gabansa ya ce masa ga inda askarsa ba za ta shiga ba?

"Gobe zan turo kawuna," ya ce. "Zan yi masa bayani dalla-dalla. Babba da babba sun fi jin juna."

Kawun ya zo kuwa, da babbar riga da ƙullin goro. Na laɓe a bayan zaure ina tsintar wake a faifai don kar a gane. Suka gaisa, suka sake gaisawa, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, aka yi zancen ruwa, aka yi na gyaɗa, aka yi na cutar da ta shiga awaki a Kudan. Ni dai ina ta jira. Sai da ya miƙe yana laluben takalmi sannan na ji ya ce, "Af, yaron naku ya ce a gaishe ku da jikin jariri. Ya ce Allah ya sa a yi aikin a hankali."

Baba ya ce, "Amin, amin. Madalla da shi."

Shi ke nan fa! Duk zanen nan na gindin ceɗiya, abin da ya iso kunnen Baba ke nan. Wayyo ni Ummu, ji na yi kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima.

Na sami Inna a madafi tana tace gasara. Ban kai ƙarshen magana ba ta ɗago ludayi ta nuna ni da shi.

"Ke, rufa mini baki! 'Ya mace ce za ta koya wa ubanta aska? Da bakin wa? Da bakin saurayi? Saura wata ɗaya, lefe na ɗaki, gari duk ya sani. Wallahi kika ja aka mayar da kayan nan, ki nemi wata uwar."

Na wuce ɗakin Yaya. Tana kwance a gadon jego, ɗakin ya ɗauki zafi da ƙaurin hayaƙi. Na durƙusa na gaya mata komai, har da cewa ba ƙwan zabi ba ne. Na ce ita ce uwa, in ta ce a'a dole a saurara. Ta juya fuska bango.

"Ni ina ruwana da ɗan mutane," ta ce. Hawaye na gangarowa yana shiga kunnenta, ba ta ko share ba.

Kun ga dai yadda muka kasance. Duk wanda zancen ya isa kunnensa, kunya ta ɗaure masa baki.

Mutanen Nasarawan Doya suka iso ana gobe suna, da rago da goro, aka sauke su a gidan da ke bayan namu, katanga ɗaya ce tsakani. A cikin tawagar har da wanzamin garinsu, Lado, wani gajere mai faɗin baki. Tun daga ƙofar gida yake ba maza labarin ƙarin da ya taɓa cirewa, wai har yau bai ga wanda ya gagare shi ba, ya zo dai ya ga aikin manya ne.

Gari ya waye, zaure ya cika maƙil har waje. Liman ya yi addu'a, aka raɗa suna Usmanu, aka yanka rago, maroƙi ya faɗa da ƙarfi mata suka ɗauki guɗa. Gwaggonmu ta naɗo jaririn a sabon zane ta fita da shi. Ni ina tsaye a bakin ƙofar zaure ta ciki, da zanen aiki duk toka, kaina ko ɗankwali babu. Ina kallo Baba ya shimfiɗa buzu, ya buɗe zabira, ya jiƙa kan yaron ya aske gaba, ya aske gefe da gefe, tas. Sannan ya ce Gwaggo ta kifa shi. Ya ajiye babbar askar ya zaro 'yar ƙaramar nan ta tsaga.

Ban san lokacin da na tsallake takalman mutane ba. Sai ganina na yi a tsakiyar maza, gwiwa biyu a ƙasa.

"Baba, don Allah don Annabi kar ka yanka! Ƙwaƙwalwarsa ce a ciki! Awwalu ya ce numfashinsa a nan yake, ya ce in ka tsaga ba zai kwana ba!"

Awwalu. Gatsal na faɗi sunansa, a gaban ubana, a gaban liman, a gaban surukan yayata. Zauren ya yi tsit, sai kukan jaririn. Baba ya ɗago ya dube ni. Na sa ran fushi, amma ba fushi na gani ba, fuskarsa ce ta zube gaba ɗaya kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ban samu na ƙara kalma ba Inna ta fizgo ni ta baya, ta ja ni har ɗakinta, ta kwaɗa mini mari biyu masu kyau ta jawo ƙyaure.

Na daɗe a ciki, ni da lefena. Can sai ga muryar Huseina ta jikin ƙofa, ƙasa-ƙasa.

"Ke 'yar nan, kin yi ta'asa. Amma bai yanka ba. Da idona na ga ya mayar da askar zabira."

Na faɗi na yi sujada a kan daɓen nan ina kuka ina dariya. Inna ta leƙo ta ce in shirya, gobe kayan nan za su koma inda suka fito, don Baba ba zai iya haɗa ido da dangin Malam ba bayan wannan. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, ina son mutumin nan kamar raina. Amma na ce a zuciyata a kai, a kai duka har da sabulun, tunda Usmanu na numfashi.

Wajen azahar aka ce Baba na kira. Na same shi a turakarsa zaune a ƙasa, ba hula, zabira a yashe a gefe. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Can bayan katanga ina jiyo kukan jariri, ban kawo komai a raina ba.

"Ummu, shekara nawa ina kafa wa mutane ƙaho a ƙeya?"

Bai jira amsata ba.

"Tun ba a haifi yayarki ba. Kina tsammanin ban san inda ƙarfe ba ya shiga ba? Ranar da aka haife shi na ɗora yatsa na ji yana bugawa. Ya yi kuka na ga ya cika. Ubana ya taɓa tsaga irinsa ina riƙe masa ƙwarya, farin ruwa ya fito, yaron bai kai la'asar ba. Har uban nawa ya mutu bai daina zancen ba."

"To Baba, askar da ka ɗauka..."

"Tsagar gado zan yi masa a gefen wuya, in shafa magani, in ce musu ƙarin bai nuna ba, sai an yi arba'in. In Sarkin Aska ya ce bai nuna ba, wa zai musa? Su koma garinsu, yaro na hannunmu, ranar kasuwa in sa shi a mota da uwarki sai Zariya. Har direban na yi wa magana. Saƙon yaron naki ma na gane shi sarai, ba sai an fasa mini ba." Ya goge fuska da hannun riga. "Da na ce musu ba na iyawa tun farko, da tun ranar suka turo wani. Shi ya sa na yi shiru. Wa zan gaya wa? Ke?"

Na ce, "Ai ba a yanka ba, Baba. Huseina ta ce..."

"Bayan an fitar da ke na faɗi maganata, na ce bai nuna ba. Malam Tukur ya yi dariya. Ya ce jiya ya nuna, yau da yarinya ta kawo saƙon ɗan boko ya koma ɗanye? Ya ce ashe yanzu yaran Nasara ke ba Sarkin Aska izini. Na rantse masa, ya ce in riƙe rantsuwata. Lado ya matso ya latsa ya ce shi a wurinsa ya nuna har ya gaji. Suka ce ɗansu ne, jininsu ne, suka karɓe shi daga hannun gwaggonki suka shiga da shi masauki. Na bi su har ƙofa, ni da furfurata, na roƙa, na kira liman ya roƙa. Sun sa sakata."

Sai a lokacin na gane kukan wa nake ji. Na yunƙura zan tashi da gudu. Kukan ya ɗaga sama, siriri, irin wanda ban taɓa jin ya yi ba, ya ja, ya ja, sannan ya yanke. Muka kasa kunne ni da Baba. Babu guɗa, babu maganar kowa, sai wata tsohuwa da ta fara salati a hankali a bayan katangar.

Baba ya rufe ido, ya daɗe bakinsa na motsi. Da ya buɗe bai dube ni ba.

"Tashi ki je wurin yayarki," ya ce. "Ke da kika iya magana."

Jama'a, tsakanin turakar Baba da ɗakin Yaya bai fi taku goma ba, amma ban san yadda na kai ba. Na ɗaga asabari. Tana tsaye a jikin bangon da ke kallon masaukin, ta manna kunne, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da nono. Ta juyo ta kama hannuna da hannu biyu, ta manta da wata kunya.

"Ummu, Usmanuna ya yi shiru," ta ce. "Barci ya yi, ko?"